Lamba Bakwai

Ni ne Sallau mai makullin ɗakin ƙasa,
shekara goma sha tara ina shaƙar fomalin,
har matata ta ce ko tuwo na taɓa
sai ya ɗau warin wurin aikina.
Aikin kuwa, neman gawa.

A Kano wa zai ba ka?
Mutum ya cika da hantsi,
kafin la'asar an kai shi Dandolo,
an yayyafa ruwa, an dawo kan tabarma.
Gaggawar nan ce gatan mamaci a wurinmu,
haka na yi wa uwata ranar rasuwa.

Amma bana ɗalibai ɗari biyu da 'yan kai,
gawa uku.
Dokta Garzali ya miƙo takarda mai hatimi,
ya ce, Sallau, a sake zagayawa.

Muka ɗau farar motar da ba ta tashi sai da turi,
ni da Mati direba,
asibiti, caji ofis, kotu,
sa hannu nan, dawo jibi can,
kamar masu bin bashi a gidan mutuwa.

Wanda muka samu, a tashar Unguwa Uku aka tsince shi
kan benci, ya yi matashi da takalmansa.
A aljihu ɓarin goro, carbi, allura da zare.
Ba kati, ba lambar waya.
Wata uku rediyo na cigiya,
ba wanda ya zo ya ce nawa ne.
Na ɗaura masa lamba bakwai a babban yatsa,
na ce, bawan Allah, yi haƙuri, yau ka zama na kowa.

Ranar farko wata yarinya, Balaraba, 'yar Kurna,
ta ɗau wuƙa hannu na rawa,
ta ajiye, ta ja ƙyalle ta rufe masa fuska,
ta yi sallama kamar mai shiga zaure.
Yaran suka yi dariya. Ban yi ba.
Ita ta ga kantar allura a yatsansa,
ta ce, Baba Sallau, wannan ɗinki ya yi a rayuwa.

Shi da ya sha ɗinke yagaggun rigunan mutane,
ga shi ana farke shi zare-zare,
jijiya, tsoka, hanyar jini,
don hannun da zai ɗinke cikin mai naƙuda wata rana
kada ya yi lalube a duhu.
Bai ce uffan ba, wata tara yana koyarwa.

Na tambayi malamai biyu.
Na Gwammaja ya ce lalura ce, tana da hukuncinta.
Na unguwarmu ya ce jikin mamaci amana ne,
ya juya ya ci gaba da alwala.
Na dawo da amsa biyu,
ba wadda ta sauke mini damuwa.

Akwai wata takarda a ofis, ta masu ba da jikinsu kyauta.
Tun zuwana ba a cike ko ɗaya ba.
Na ninke guda na kai gida.
Asabe ta ce, to 'ya'yanka su tsaya gaban wane kabari?
Na mayar aljihu. Tana nan, ta yi laushi da gumi,
ban sa hannu ba, na kuma kasa yagawa.

Da shekara ta ƙare muka haɗa shi, duk abin da aka ɗauka.
Na sayi likkafani, Mati ya kawo turare.
Ɗalibai goma sha ɗaya suka yi sahu,
Balaraba na can tsaye jikin mota.
Liman ya waiwayo ya ce, sunan mamacin?
Muka dubi juna.
Daga can ta ɗaga murya ta ce, Malam ne.
Da wannan sunan aka yi binnewa.

Ran Litinin Dokta ya sake miƙo takarda.
Na ce, Mati, kama sitiyari, ni ne mai turawa.